Ƙwayoyin ƙyalli na gwada maikuroskof: wanne za ka saya, kuma yaya za ka ɗora su

Ƙwayoyin ƙyalli ƙananan dunƙulen roba ne na folistirin da aka rina, suna zuwa cikin ruwa a kwalba, suna ƙyalli in an haska su. Kafin ka buɗe kundin kayan kowane kamfani, ka san abin da kake son aunawa. Mai son ganin yadda lensinsa ke baza ɗigon haske guda, abin da ake kira PSF, yana bukatar ƙwaya wadda ta fi ƙarfin ganin lensin ƙanƙanta. Lensin da ake ɗiga wa mai, na NA 1.4 (NA ma'aunin ƙarfin tattara hasken lensi ne), ba ya rarrabe abin da ya gaza wajen nanomita 200, don haka ƙwayar nanomita 100 ce ta dace. Mai son sanin ko launuka sun hau kan juna daidai kuwa, ƙwaya ɗaya mai ɗauke da launuka da yawa yake nema.

Abin da ya haɗa biyun shi ne TetraSpeck na Thermo Fisher, kuma shi nake ba da shawara a fara saya. Kowace ƙwaya an rina ta da launi huɗu: shuɗi 360/430, kore 505/515, ruwan lemo 560/580, da ja mai duhu 660/680 (lambar farko tsawon zangon hasken da ake haska ta da shi ne a nanomita, ta biyu na wanda take fitarwa). Ana samunsa a girma 0.1, 0.2, 0.5, 1 da 4 maikromita. Na 0.1 zai ba ka PSF a kowace tashar launi, na 1 ko 4 kuma zai nuna maka gocewar launi, tun da duk hasken daga wuri guda yake fitowa. In kore ya faɗi nan ja ya faɗi can, laifin na'ura ne. Aibinsa ɗaya: na 0.1 ba shi da haske sosai, musamman shuɗin, kuma yana dushewa da wuri. Sai ka rage ƙarfin leza ka ɗan tsawaita ɗauka.

Akwai wasu nau'o'in. FluoSpheres ya fi haske da araha, amma launi ɗaya ne. PS-Speck girmansa kusan 0.17 ne, ya ɗan yi wa lensin 1.4 girma. InSpeck na auna ƙarfin haske ne kawai. Faifan Argolight ba ya dushewa, sai dai tsada, kuma zane ne cikin gilashi, ba zai maye gurbin ƙwaya a ruwan samfurinka ba. Faifan da aka riga aka ɗora wa ƙwayoyi yana hutar da kai, amma da ruwan liƙin masu shi ya zo, wato ruwan da ake sawa tsakanin faifai da gilashin rufi, ba naka ba.

Wannan na ƙarshe shi ya sa ɗorawa da hannu ta fi. Ka girgiza kwalbar, ka ɗebi kaɗan ka sa a injin girgiza da sauti minti 5 zuwa 10 don dunƙulai su watse. TetraSpeck ka fara da kashi 1 cikin 100 zuwa 1,000 a tsabtataccen ruwa ko etanol. FluoSpheres na 0.1 wanda ƙwayoyi ne kashi 2 cikin ɗari na ruwansa yana da ƙwaya kusan tiriliyan 36 a mililita guda, don haka sai an sirka shi mataki-mataki har kusan sau miliyan. Ka zuba maikrolita 5 zuwa 10 a kan siririn gilashin rufi. A kansa, ba a kan faifan ba. Ƙwayar da ta zauna a faifan ta yi nisa da lensi, hotonta zai miƙe a tsaye ka ɗauka lensin ne ya lalace. In ka shafa wa gilashin sinadarin manne poly-L-lysine kashi 0.01 cikin ɗari tukuna, ƙwayoyin za su manne da kansu, don su cajin lantarki na rashi (negative) ne da su, shi kuma na ƙari (positive). Ka bar shi ya bushe a duhu. Ɗigon ruwa in ya bushe yakan tara ƙwayoyi a bakinsa kamar zobe, sai ka duba tsakiya, inda suke ɗai-ɗai.

Sai ruwan liƙi. Ma'aunin karya hasken man lensi wajen 1.515 ne, ruwan liƙi na ProLong Glass kusan 1.52 bayan ya daskare, ProLong Gold kusan 1.47, ruwa 1.33. Mai gwada lensin kansa ya zaɓi wanda ya fi kusa da man. Mai son PSF na gyaran hoto ya yi amfani da ruwan da samfurinsa ke ciki. Ruwan liƙi na DPX kam kada ya kusanci ƙwayoyin, zailin ɗin cikinsa yana narka folistirin. Jan farcen da ake toshe gefe da shi ma kada ya malala ciki.

Yanzu ga inda ake cutar mai saye. Akwai masu tallar “ƙwayoyi masu launi da yawa” alhali cakuɗe ne na ƙwayoyi masu launi ɗaya-ɗaya. Irin wannan ba ya auna gocewar launi ko kaɗan. Gwajinsa ba wuya: kowane ɗigo dole ya bayyana a duk tashoshin. In wani ya fito a kore ya ɓace a ja, ka mayar musu da kayansu. Kwalbar da ba ta da lambar rukuni, ko takardar da ta faɗi ainihin girman ƙwayoyin da bambancin da ke tsakaninsu, ita ma a bar ta, domin “0.1” da aka rubuta a jiki yana iya ɓoye ƙwayoyi masu ninki biyu. Ka tambayi yadda aka yi jigilarta. Ana ajiye ta a sanyin digiri 2 zuwa 8 ba haske, amma in ta taɓa yin ƙanƙara ƙwayoyin sun dunƙule ke nan, girgiza ba za ta raba su ba. Dunƙulen ƙwaya biyu ko uku yana kama da ɗaya mai haske, ya ba ka PSF mai faɗi na ƙarya. Shi ya sa in kana zaɓar ɗigo don manhajar auna PSF irin MetroloJ ko PSFj, ka guji waɗanda suka fi sauran haske.

Gilashin rufi ma ana ha'inci a kansa. Lensin an yi shi ne don kaurin maikromita 170. Lamba 1.5 tana iya zama 160 zuwa 190, 1.5H kuwa 170 ce da ragi ko ƙarin 5. Ka nemi 1.5H a rubuce a kwalin, in kana da na'urar auna kauri ta hannu ka auna guda goma kafin ka karɓi sauran.