Pip da Tom Sawyer: yara biyu, ƙarya iri biyu

Iyaye masu saurin hannu, Pip ya kamata su fara karantawa, yaron littafin Charles Dickens na 1861 mai suna Great Expectations. Maraya ne, yayarsa ke riƙonsa, sanda kullum a kusa. Ya saci abinci da magagari ya kai wa wani fursuna da ya tsere, cikinsa ya ɗuri ruwa. Duka yake gudu, amma abin da ya fi kulle masa baki shi ne kada Joe, mijin yayar, mai sanyin hali, ya daina yarda da shi.

Tom Sawyer na Mark Twain, 1876, horon innarsa Polly ko a jikinsa. Shi har ƙarya ya yi cewa shi ya yaga littafin malami, ya sha bulalar da Becky, yarinyar da yake so wadda ita ta yaga littafin, za ta sha.