Na biya kuɗin Sinancin Beijing, suka kawo mini na Taiwan

Tauraro uku na ba wani kamfanin fassara a shafinsu, kuma biyu daga ciki na wata baiwar Allah ce da ke yi musu aiki, ba na kamfanin ba. Ba zan kama sunansu ba. Duk wanda ya taɓa neman a sa masa rubutun Sinanci a ƙasan bidiyo ya san irinsu: shafi fes-fes, tutocin ƙasashe jere reras, farashi da dala a kan kowane minti, da alkawarin cewa wanda zai yi maka aikin da harshen ya buɗi baki.

Riɗi nake fitarwa. Muna haɗo shi daga kasuwannin Jigawa, a kawo sitonmu a Dawanau, a sheƙe, a bi da shi ta injin Sortex mai tsince datti, a ɗura a buhu mai kilo 50, sai Legas. Wanda ke cikin harkar ya san babu mai sayen riɗi a duniya kamar Sinawa, kuma yawancin kayan a tashar jirgin ruwa ta birnin Qingdao suke sauka. Matsalar ita ce mai saye a can ba ya ganin sitonka, hoto kawai yake gani, hoto kuwa kowa na iya ɗauko na wani. Shi ya sa na sa aka ɗaukar mini bidiyo da bai kai minti goma ba, daga gona har zuwa lokacin da ake rufe kwantena. Nufina in tura wa wani ɗan kasuwa a Qingdao da muka daɗe muna zagaye-zagaye da shi, sannan in ba wani abokina da ke da rumfa a baje kolin kayan shigowa da ake yi a Shanghai duk farkon Nuwamba tun 2018, ya riƙa nunawa. YouTube da Facebook ba sa buɗewa a can, don haka komai ta WeChat, manhajar saƙonni ta Sinawa, zai bi, a kalla a waya, sau da yawa ma ba tare da an kunna murya ba. Ke nan rubutun ƙasan shi ne bakina gaba ɗaya.

A fom ɗinsu akwai zaɓi biyu, rubutu mai sauƙi da rubutun gargajiya. Na zaɓi mai sauƙi, kuma a gurbin ƙarin bayani na rubuta ɓaro-ɓaro cewa masu kallon 'yan kasuwa ne a Qingdao da Shanghai. Har yanzu rasit ɗin na nan a wayata. Ga wanda bai sani ba, tun 1956 gwamnatin Sin ta fara rage wa haruffa da yawa zane-zanensu, kuma wannan ragaggen rubutun shi ake amfani da shi a babban yankin ƙasar da Singafo. Taiwan da Hong Kong da Makau suka ci gaba da tsohon. Ɗan Qingdao zai iya lallaɓawa ya karanta tsohon, amma daga kallo ɗaya ya san ba don shi aka rubuta ba.

Aiki ya iso da wuri, har na ji daɗi. Ni ba na karanta Sinanci, abin da na gani shi ne layuka suna fitowa suna ɓacewa daidai da magana, sai na ce madalla. Allah ya taimake ni ina da ɗan yayata da ke karatun likitanci a can, na tura masa kafin kowa. Bai daɗe ba ya kira.

"Kawu, wa ya yi maka wannan aikin?"

Na ce kamfani ne, na ƙwararru.

"Kawu, kada ka tura wa kowa. Wannan rubutun Taiwan ne. Kuma ina maganar tsohon nan na gona? Ba su fassara ba."

Wannan na biyun shi ya fi ƙona mini rai. A tsakiyar bidiyon akwai wani dattijo manomi da muke sayen kaya a hannunsa shekara da shekaru. Yana tsaye kusa da damman riɗi da aka jingina sama suna bushewa, ya ciro kwanso ɗaya ya murza a tafin hannunsa, ya hura, ya nuna wa kyamara farin ƙwayar, yana bayanin cewa ba ya yanka sai ganyen ƙasa ya yi rawaya ya fara zuba, kuma a kan tamfol yake kakkaɓewa don kada yashi ya shiga. Abin da mai saye ke son ji ke nan, don tsakuwa da danshi su ne ke kashe ciniki. Kamfanin ba su da mai jin Hausa, sun faɗa mini tun farko, shi ya sa na zauna da kaina na rubuta musu duk abin da dattijon ya ce da Turanci, da minti da sakan na kowace jimla, na haɗa da bidiyon. Amma tun daga lokacin da ya buɗe baki har ya gama, layi ɗaya tak ne a ƙasan allo, wai "yana magana da yaren garinsu". Takardar da na ɓata dare ina rubutawa ko buɗe ta ba a yi ba, amma mintocin dattijon an lissafa su a kuɗina tsaf.

Na rubuta musu ƙorafi. Amsar ta zo da sanyin murya irin ta wanda aka koya wa ba da haƙuri, aka ce za a gyara nan take. Kuma nan take ɗin aka yi, don ban gama shan shayi ba sabon fayil ya shigo. A nan ne na fara zargi. Aikin da aka ce mutum ya yi kwanaki a kansa, yaya za a sake shi kafin shayi ya huce?

Yaron ya duba ya yi dariyar takaici. Abin da suka yi shi ne sun zuba tsohon aikin a wata manhaja da ke juya haruffan gargajiya zuwa masu sauƙi, irin wadda kowa ke samu kyauta a intanet. Haruffa sun sauya, maganar tana nan ta Taiwan. Sunan ƙasarmu ma bai tsira ba. A babban yankin Sin ana kiran Najeriya da wani abu kamar "Niriliya", a Taiwan kuma "Naijiliya", haruffan ma daban. To ga bidiyon ɗan kasuwar Najeriya, zai je hannun mutumin da kullum yake ganin sunan ƙasar a takardun kwastan, an rubuta ta yadda bai saba gani ba tun daga layin farko. Yaron ya ce haka kalmomi da dama suke a ciki, har kalmar bidiyo kanta. Ya ce, "Kawu, wannan ya fi na farko muni. Na farko an san kuskure ne. Wannan kuwa duk wanda ya gani zai ce inji ka sa, kana ƙyashin biyan mutum." Gudun gara, an faɗa gidan zago. Ni da na biya dala! Kuma duk mai hulɗa da Sinawa ya san abin da ya shafi Taiwan ba abin wasa ba ne a wurinsu, ba na son ranar farko mutum ya fara tunanin da wa nake hulɗa kafin ya yi tunanin riɗina.

Dattijon gona kuma? Yana nan yana "magana da yaren garinsu".

Na sake rubutawa, wannan karon ba da sanyi ba. Sai shiru. Ashe mun faɗa hutun ranar ƙasa da Sinawa ke farawa 1 ga Oktoba su kwashe mako guda, masu fassararsu na babban yankin duk sun tafi gida. Wannan ba laifinsu ba ne, hutu hutu ne, amma shafin da ke cewa suna aiki dare da rana duk shekara ya kamata ya faɗi haka. Ga bambancin lokaci, suna gabanmu da awa 7, in ka tashi daga asuba ka rubuta musu sun kusa cin abincin rana, in ka dawo daga kasuwa da la'asar sun yi barci. Tambaya ɗaya sai ta ci yini.

Bayan hutun ne aka ba wata mata aikin, kuma daga nan labari ya canza, dole in faɗi gaskiya. Ban san sunanta ba, lamba kawai shafin ke nunawa. Kafin ta rubuta harafi ɗaya sai da ta jero mini tambayoyi. Tan ɗin da nake faɗa mai kilo 1,000 ne? In na ce tsabta kashi 99, bayan Sortex nake nufi ko kafin? Kusan tan 19 da na ce kwantena na ɗauka, mai ƙafa 20 ce? Ta ce su a lissafinsu da dubu goma-goma suke ƙirga manyan lambobi, kuma a nan masu fassara ke yawan ƙara sifili ko su rage, saboda haka duk adadi za ta bar shi da alƙaluma yadda mai saye zai gani da idonsa. Ta tambaye ni yadda ake furta Dawanau da Maigatari, na yi mata saƙon murya, ta zaɓi haruffan da suka yi kusa da sautin, ta kuma sa rubutun boko a gefe karon farko da sunan ya fito, don wanda zai nema a taswira.

Sashen dattijon ta bi shi jimla-jimla. Har ta lura akwai inda ya yi wata magana yana dariya da babu ita a takardata, ta tambaya me ya ce. Cewa ya yi riɗinsa ko surukarsa ba ta samu abin kushewa ba. Na faɗa mata, ta sa, ta ce Sinawa ma za su gane wannan. Layukanta gajeru ne, ba sa wuce haruffa 16, babu aya babu waƙafi a ƙarshe, gurbi kawai take bari, wai haka aka saba a rubutun ƙasan allo a can. Yaron ya karanta ya ce, "Kawu, wannan kam mutum ne ya yi." Mutumin Qingdao da ya kalla, tambayar da ya fara yi a kan tamfol ɗin dattijon ce, ko duk manomanmu haka suke yi. Daga nan muka shiga maganar samfur.

Da a nan aka tsaya da na ƙara musu tauraro, har na ce wa abokai su je. Amma ina! Da na kai fayil ɗin wurin mai haɗa mini bidiyo a Zoo Road don ya manna rubutun a jikin hoton, sai ga akwatuna ƙanana farare sun cika ƙasan allo maimakon haruffa. Kwamfutarsa ba ta da zanen haruffan Sinanci. Na tambayi kamfanin, suka ce mannawa wani aiki ne daban, sai na ƙara kuɗi. Kuɗin da suka faɗa ya kusa rabin na fassarar gaba ɗaya. Yaron Zoo Road ya ce, "Alhaji, bari in gwada wani abu," ya sauko da zanen haruffa na Noto Sans na Sinanci, wanda kyauta ne, ya adana fayil ɗin a tsarin UTF-8, haruffa suka fito garau. Abin da jimla biyu za su warware, da suna so su faɗa mini, shi suke son karɓar dala a kai. Yaron Zoo Road ɗin ne ma ya ƙara girman rubutun ya ɗaga shi sama kaɗan, don WeChat na matse bidiyo, ƙananan haruffa masu zane da yawa sai su dagule su zama baƙin ɗigo.

Sai maganar mayar da kuɗi. Na ce aikin farko ba abin da na saya ba ne, na biyu kuma yaudara ce, a rage mini wani abu. Suka ce ba sa mayar da kuɗi, sai dai su ba ni rangwame a aiki na gaba, kuma rangwamen yana da wa'adi. Babu wanda ya amsa mini tambayar da na yi ta nanatawa: ina "mai dubawa na biyu" da na biya kuɗinsa a cikin farashin? In da akwai shi, ta yaya rubutun Taiwan ya wuce ta gabansa, kuma ta yaya minti guda da wani abu na magana ya zama layi ɗaya bai gani ba?

Abin da ya fi ba ni haushi, ba a rasa Sinawa masu jin Hausa ba. Sashen Hausa na Rediyon Sin yana watsa shiri tun 1963, ana koyar da Hausa a Jami'ar Koyon Harsunan Waje ta Beijing, kuma duk mai StarTimes a gida ya ga wasannin Sinawa da aka juya zuwa Hausa. Ga yaranmu da suka yi karatu a can suna zuba Sinanci. Kamfanin da ke tallar harsuna fiye da yadda zan iya ƙirgawa bai iya nemo ko ɗaya ba, sai dai maganar manomi ta bi ta Turancina kafin ta isa, ni da Turancin nawa na kasuwa ne.

Yanzu ina shirin yin bidiyon zoɓo. Na tambaye su ko za a iya ba matar nan aikin kai tsaye, na ba su lambarta. Suka ce zaɓen mai fassara sai wanda ke kan babban tsari, mai biyan kuɗin wata-wata. Na ce to rangwamen da kuka ba ni fa, ya shiga ciki? Suka ce bai shiga ba.