Karatun kiɗa a kwaleji ko zama wurin makaɗi?

Ƙanena a Bauchi ya nace sai ya karanci kiɗa, shi ne muka zauna muna aunawa. A kwaleji shekara 3 ne ka samu NCE, wato takardar shaidar malanta, za a koya maka rubuta sauti a kan layuka 5, ka karanta shi kamar jarida, ga piyano, ga takardar neman aikin koyarwa. Amma wallahi bin makaɗi daban ne, kana ɗaukar masa kalangu gidan biki kunnenka na gogewa, ka gane yadda matse tsarkiya ke sa ganga ta faɗi sunan mutum, ka haddace taken sarauta da kirari, ka san lokacin da mata ke son a canja kiɗa. Matsalar dai ba satifiket. Ni na ce ya yi kwalejin, hutu kuma ya koma wurin makaɗin.