Wata takwas ina aiki da TOGAF a masana'antar haɗa motoci

Aikina a masana'antar haɗa motoci shi ne tabbatar da cewa manhajojinmu suna fahimtar juna. Yau wata takwas ke nan da muka ɗauki TOGAF, wani tsari na ƙungiyar The Open Group da aka fara fitarwa a 1995 don daidaita aikin ma'aikata da bayananta da manhajojinta, muna zana taswirar yadda ayyukanmu da manhajojinmu suke haɗuwa da harshen zane na ArchiMate a manhajar Archi.

Abin da ya kai mu ga haka shi ne jerin sassan mota. Injiniyoyin zane suna da nasu jerin, masu haɗa mota a layi suna da nasu, masu sayayya ma haka. Wata rana injiniyoyi suka canja soket ɗin wayar fitilar baya, amma labarin bai isa layi ba. Na tsaya ina kallon wani ma'aikaci yana jujjuya soket a hannu, yana turawa ya ƙi shiga, ga motoci sun jeru a bayansa.

A nan TOGAF ya burge ni. Ba ya barinka ka fara da maganar kwamfuta. Sai ka fara fayyace yadda aikin kansa yake tafiya, sannan bayanai da manhajoji, fasaha ta zo daga baya. Da muka bi wannan jeri, sai ga ɓarakar ƙuru-ƙuru: duk canjin zane yana bi ne ta wani fayil ɗin lissafi a kwamfutar mutum ɗaya, shi yake kwafewa da hannu zuwa manhajar layi. Ranar da ya tafi hutu, komai ya tsaya cik. Shekaru ana haka, kowane sashe yana ɗora wa ɗan'uwansa laifi! Yanzu canji yana wucewa kai-tsaye, kuma muna iya ɗaukar lambar shasi mai haruffa da lambobi 17 mu ga wane sashi aka saka wa motar.

TOGAF tsari ne na kowace irin ma'aikata, saboda haka bai sauko kan mutum-mutumin walda da na'urorin sarrafa layi ba. Sai muka haɗa shi da ISA-95, ma'aunin haɗa na'urorin masana'anta da manhajojin kasuwanci mataki-mataki, wanda ya ajiye tafiyar da aikin masana'anta a mataki na 3, tsare-tsaren kasuwanci a mataki na 4.

Takardunsa suna da yawa ƙwarai, don haka mun ɗauki waɗanda suka shafe mu kawai. Wata mai zuwa za mu shiga sashen fenti da taswirar.