Sharhi kan rangadin yini ɗaya zuwa ƙauyen Beddgelert na Wales

Ga 'yan'uwanmu na Bauchi da ke shirin tafiya karatu Birtaniya, musamman waɗanda suke tambayar ko ya dace ɗalibi ya kashe ɗan guzurinsa a yawon buɗe ido, wannan shi ne ra'ayina kan rangadin da wani ƙaramin kamfani yake shiryawa daga garin Caernarfon zuwa Beddgelert, ƙauyen da ke mahaɗar kogunan Glaslyn da Colwyn a arewacin Wales.

Ana tafiyar ne a jirgin ƙasa mai aiki da tururi na layin Welsh Highland, wanda aka kammala farfaɗo da shi a 2011, kuma injinansa manya daga Afirka ta Kudu aka kawo su. Siririn dogonsa ya tuna mini da tsohon layin Zariya zuwa Jos da aka rufe a 1957, wanda ya ɗauki sunan Bauchi alhali bai taɓa isowa garinmu ba.

Abin da ya sa kuɗin bai tafi a banza ba shi ne ɗan rakiyar. A gaban kabarin wani kare mai suna Gelert ya ba mu labarin yadda Yarima Llywelyn, wani mai mulkin Wales na dā, ya dawo daga farauta, ya tarar da jini a bakin karensa, ya kashe shi bisa zaton ya cinye masa jariri, sannan daga baya ya ga yaron da ransa kusa da gawar kyarkecin da karen ya hallaka. Da ya ga labarin ya ratsa mu, sai ya bayyana ƙarara cewa wani mai masauki, David Pritchard, shi ne ya gina kabarin a ƙarshen ƙarni na 18 domin jawo baƙi. Ba kowane mai cin abinci da labari ne zai tona asirin hajarsa haka ba.

Sai dai an yi mana rowar lokaci. Cocin Maryam, wanda yake ɗauke da ragowar ginin gidan sufaye na ƙarni na 13, leƙawa kawai muka yi, ma'adinar tagulla ta Sygun kuwa, wadda ta daina aiki a 1903, ba ta cikin tsarin sam. Kamfanin bai tanadi abincin halal ko lokacin salla ba, saboda haka duk wanda zai je ya riƙe guzurinsa da dardumarsa da rigar ruwa, kuma idan yana da hali ya kwana a ƙauyen domin ya shiga ma'adinar washegari.