Raspberry Pi 4 a matsayin rumbun waƙoƙin gida

Raspberry Pi 4, wata 'yar ƙaramar kwamfuta, ta ci kuɗinta wajen tara waƙoƙin gida: ba ta yin ƙara, caja mai 5V 3A ta ishe ta. Rauninta katin microSD ne. Wutar Abuja ba ta sallama in za ta tafi, kuma idan ta ɗauke ana tsakiyar sabunta manhaja, katin na iya lalacewa. A jona UPS, wato batirin da ke riƙe wuta in an ɗauke, tukuna.

Wajen komawa Bookworm, samfurin babbar manhajar na'urar (Raspberry Pi OS) wanda ya fito a 2023, gara a sa sabon kati, a adana tsohon, a kwafe waƙoƙi a wani faifai. Bookworm ya sauya manhajar da ke kula da haɗin network, ya bar dhcpcd ya koma NetworkManager, don haka sai an sake saita tsayayyen adireshin IP kafin wayoyin gida su ga na'urar. Fayil ɗin saitunan na'urar, config.txt, ma ya koma folda /boot/firmware.