Ƙugin kwamfuta a lasifika: me za ka saya?

Duk mai ɗaukar kayan sauti zuwa biki ko wa'azi a Damagaram ya san wannan abin haushi: ka jona kwamfutar cinya da miksa, ka ɗaga murya, sai ƙugi ya riga sautin fita.

Kafin ka nufi kasuwar Dole, zare caja ka bar kwamfutar a kan batir. In ƙugin ya ɗauke, ka kama ɓarawon. Ƙugi mai kauri na wutar gida ne, wadda a Nijar take juyi 50 a daƙiƙa. Yana shiga ne idan kwamfuta da amfilifaya sun sami ƙasa (wato haɗin kariya da ke bi ta ƙafa ta uku ta fulogi) ta hanyoyi daban, wayar sauti kuma ta haɗa su. Shi ya sa wani lokaci soka su a soket ɗaya kawai ya wadatar. Siririyar ƙara mai sauyawa in ka motsa linzami kuwa, galibi hayaniyar cikin kwamfutar ce da ke biyo hanyar ƙasa.

Mafi araha shi ne ɗan abin da 'yan kaya ke kira aizoleta, mai bakin 3.5 mm. Ƙananan taransifoma ne a cikinsa, sauti ya wuce, hanyar ƙasa ta yanke. Na ɗaki ne da ƙaramin taro, don marasa kyau suna rage kaurin ganga.

Ni dai akwatin DI, wanda ake sa wa tsakanin kwamfuta da miksa, nake zaɓa wa mai cin abinci da wannan sana'a. Wanda ba ya buƙatar wuta, mai maɓallin yanke hanyar ƙasa, da mafita XLR, wato baki mai ƙafa uku irin na makirufo. Da shi za ka ja waya daga rumfa zuwa miksa mai nisa ba tare da ta kwaso hayaniya ba, ko da janareta kuke aiki. Nemi mai layi biyu, hagu da dama, in ba haka ba ka sayi biyu.

Katin sauti na USB, irin su Behringer UCA222, yana gyara sauti, amma kada mai shago ya ruɗe ka: ƙasar USB ɗaya ce da ta kwamfuta, ƙugin na iya biyo ta. Bluetooth yana kashe ƙugi, sai dai akwai jinkiri da yankewa a cikin taro.

Akwai masu karya ƙafar ƙasa ta fulogi. Ƙugin kan tafi, amma ranar da wuta ta zubo jikin ƙarfe, mai riƙe da makirufo ne zai zama hanyarta. Ka tafi shago da kwamfutarka da cajarta, a gwada a gabanka kafin ka ƙirga jikkuna.